Jirgin Ƙasa Mai Gudun Walƙiya Zuwa Ƙarshen Duniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Taswirorin Mafarki na Arewacin Kanada

Lokaci-lokaci akan ga wata taswirar Kanada tana yawo a intanet, an zazzana mata layuka ja da kore da shuɗi, wai hanyoyin jirgin ƙasa mai tsananin gudu ne da ya kamata a gina. Layin zai taso daga Toronto, ya miƙe arewa sak, ya ratsa daji da fadama da teku, ya je ya tsaya a wani ƙauye mai mutum ɗari da 'yan kai. A kan hanya kuma sai ka ga tashoshi masu sunayen da za su sa ka sake karantawa: Moose Factory, Flin Flon, Tuktoyaktuk, Wawa. Waɗannan su ne tambayoyin da mai kallon irin wannan taswira yakan yi, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Su wa ke zana waɗannan taswirori, kuma da gaske suke yi?

Kashi biyu ne. Akwai masu son jirgin ƙasa tsakani da Allah, waɗanda suka ga abin da Japan ta yi tun 1964 da layinta na Tokyo zuwa Osaka, da abin da Faransa ta yi a 1981 tsakanin Paris da Lyon, suke jin haushin yadda Arewacin Amurka ya tsaya a mota da jirgin sama. A 2013 wani mai zane, Alfred Twu, ya fitar da taswirar Amurka cike da layukan jirgi mai gudu, ta bazu ƙwarai, kuma har yau takan sake ɓullowa kamar sabuwa. Irinsa da gaske yake, ko da kuwa burin ya fi ƙarfin aljihu.

Kashi na biyu 'yan tsokana ne, kuma su ne ke tura layin can ƙuryar arewa. Suna kwaikwayon na farkon ne don su yi musu dariya. Sukan zaɓi wurare biyu da babu mahaluƙin da ke zirga-zirga tsakaninsu, su ja layi da rula, su rubuta a ƙasa cewa tafiyar awa uku ce kacal, me gwamnati take jira? Wanda ya san ƙasar zai tuntsire da dariya. Wanda bai sani ba kuwa, sai ka gan shi yana kare shawarar da zuciya ɗaya, kuma rabin nishaɗin ke nan.

Kanada tana da jirgi mai tsananin gudu ko guda ɗaya?

Ba ta da shi. A cikin ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu, ita kaɗai ce ba ta da layi ko ɗaya. An shafe shekaru ana nazari a kan nazari, rahoto yana bin rahoto. Sai a Fabrairun 2025 Firaminista Justin Trudeau ya sanar da aikin da aka raɗa wa suna Alto: layi mai kimanin kilomita 1,000 daga Toronto zuwa birnin Quebec, ta Ottawa da Montreal, da gudun kilomita 300 a awa. An ware dalar Kanada biliyan 3.9 don tsarawa kawai, ba a kai ga aza ƙarfe ba. Kiyasin ginin kuwa tsakanin biliyan 60 ne zuwa 90.

A lura da inda wannan layi yake. Nan ne cibiyar jama'ar ƙasar, wajen mutum miliyan 18 daga cikin miliyan 40, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ga wutar lantarki, ga hanyoyin kai kayan aiki. Idan a nan ma an yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa a maganar arewa.

Wai mutum nawa ne ke zaune a can arewar?

Ɗauki Nunavut, yankin da aka yanka wa al'ummar Inuwit, 'yan asalin can ƙuryar arewa, ranar 1 ga Afrilu, 1999. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 2, amma ƙidayar 2021 ta sami mutum ƙasa da 37,000, a warwatse cikin garuruwa 25. Babban birninsa, Iqaluit, yana da mutum 7,400 da ɗoriya. Babu titin da ya haɗa wani gari da wani, babu kuma wanda ya haɗa yankin da kudancin ƙasar.

Yanzu ga lissafi mai sauƙi. Jirgin Japan mai tarago 16 yana ɗaukar fasinja sama da 1,300. Ke nan jirage shida sun isa su kwashe Iqaluit kakaf, da jarirai da tsofaffi da masu gadin tashar. Grise Fiord, ƙauyen fararen hula mafi nisa a arewacin Kanada, mutum 144 aka ƙidaya a cikinsa, tarago biyu sun wadatar har da wurin miƙe ƙafa. Daga Ottawa zuwa Iqaluit kimanin kilomita 2,100 ne. In muka ari farashin Alto mafi araha, wato miliyan 60 kowace kilomita, muka yi kamar babu teku babu ƙanƙara, kuɗin ya haura biliyan 120. A raba wa mutanen Nunavut, kowane kai ya tashi da sama da dala miliyan 3. Wannan lissafina ne na bayan takarda, kuma na yi wa aikin rangwame sosai.

To a ce kuɗi ba matsala ba ne. Me zai hana a gina?

Ƙasar da za a ɗora layin a kanta. Wannan shi ne abin da taswira ba ta nunawa, domin a takarda dutse da laka da ruwa duk launi ne kawai.

A yawancin arewa, ƙasa daskararriya ce shekara da shekaru, wani wuri tun dubban shekaru. Samanta kaɗan ne ke narkewa da bazara, ya sake daskarewa da hunturu. A ƙarƙashi akwai ƙanƙara gauraye da yashi da laka, wani wurin ma ƙanƙarar zalla ce, dunƙule guda. Muddin tana daskare, tana da tauri kamar kankare. Amma da zarar ka kankare ciyawa da gansakukar da ke rufe da ita, ka zuba baƙar tsakuwa mai zuƙar zafin rana, ka kunna mata wuta ke nan a hankali. Ƙanƙarar ta narke, ƙasa ta lotsa, kuma ba daidai take lotsawa ba: nan ta nutse taƙi guda, can ta tsaya, gaba kaɗan ta kumbura idan sanyi ya dawo. Layin dogo sai ya koma kamar igiyar shanya.

Jirgin kaya mai tafiyar hawainiya yana iya lallaɓawa a kan irin wannan layi. Mai gudun kilomita 300 ba zai iya ba. Shi ƙarfensa da milimita ake auna karkacewarsa, kwanarsa kuma sai ta yi faɗin kilomitoci kafin ya iya shanta ba tare da rage gudu ba. Ba ya kewaye tafki ko tudu yadda mota take yi, sai dai a haƙa ko a yi gada.

Kudu da daskararriyar ƙasar kuma akwai abin da suke kira maskeg, fadama ce ta ruɓaɓɓen tsiro mai zurfi wadda takan haɗiye manyan motocin aiki. Sai tafkuna da ba su ƙidayuwa a kan tsohon dutsen da ya mamaye tsakiyar ƙasar. Sai sanyi: a Snag da ke Yukon an auna digiri 63 ƙasa da sifili a Fabrairun 1947, kuma ƙarfe yakan tsuke ya yi gautsi a irin wannan yanayi. Sai lantarki, wanda jirgi mai gudu ba ya motsi sai da shi, alhali kowane gari a Nunavut da injin dizal yake samun wuta, babu wata babbar waya da ta haɗa su.

Sannan mai zanen ya manta, ko ya yi kamar ya manta, cewa Iqaluit a tsibiri take. Tsakanin tsibirin Baffin da arewacin Quebec akwai mashigin Hudson, wanda ko a inda ya fi tsukewa ya zarce kilomita 60. Ramin jirgin da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku kilomita 50 ne, kuma Landan da Paris yake haɗawa.

Ai ƙasar Sin ta gina layi a kan ƙanƙara. Me ya bambanta?

Ta gina, kuma aikin a yaba ne. Layin Golmud zuwa Lhasa a Tibet, wanda aka buɗe a 2006, kilomita 1,142 ne, kimanin 550 daga ciki a kan daskararriyar ƙasa. Dabarar da suka yi ita ce hana ƙasar ɗumama: wani wurin suka ɗora layin a kan dogayen gadoji, wani wurin suka jera manyan duwatsu don iska ta riƙa ratsawa, wani wurin suka kakkafa bututan ƙarfe masu zuƙo zafi daga ƙasa su fitar da shi sama. Duk da haka gudun jirgin a wannan sashe bai wuce kimanin kilomita 100 a awa ba. Layin Harbin zuwa Dalian da aka buɗe a 2012 shi ne mai tsananin gudu a yankin sanyi, amma can ƙasar da hunturu kawai take daskarewa, kuma birane ne masu miliyoyin mutane a kowane gefe. Injiniya zai iya abubuwa da yawa. Fasinja ne ba zai iya ƙerawa ba.

Akwai jirgin ƙasa na gaske da ke shiga arewacin Kanada?

Akwai, kuma labarinsu ya fi na taswirar daɗin ji. Mafi shahara shi ne na Churchill, garin da ke bakin tekun Hudson a lardin Manitoba, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon farar dabbar beyar. Layin ya isa garin a 1929, kuma har yau babu titin mota. Daga Winnipeg kilomita 1,700 ne, jirgin fasinja yakan yi kusan kwana biyu, yana rage gudu a inda ƙasa ta lotsa. A Mayun 2017 ambaliya ta wanke layin a wurare da dama. Kamfanin Amurka da ya mallake shi ya ce gyaran ya fi ƙarfinsa, gwamnati ta ce alhakinsa ne, aka yi ta ja-in-ja, mutanen gari kuwa komai sai ta jirgin sama, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo. Sai da aka yi kusan shekara ɗaya da rabi, aka sayar da layin ga wata haɗaka da ta ƙunshi garuruwan yankin da al'ummomin 'yan asalin ƙasa, sannan jirgi ya sake shiga Churchill a ƙarshen 2018. Ranar, gari ya fito tarya.

A Ontario akwai Polar Bear Express, wato jirgin farar beyar mai gudu, daga Cochrane zuwa Moosonee, kilomita 300 cikin awa biyar. Sunan ya yi ƙarya sau biyu: ba ya gudu, kuma da wuya ka ga farar beyar a hanyar. A Quebec akwai Tshiuetin, wato iskar arewa a harshen Innu, mai zuwa Schefferville, wanda tun 2005 yake hannun 'yan asalin ƙasa. Wasu daga cikin jiragen arewa sukan tsaya a tsakiyar daji idan an nemi haka, su sauke mafarauci da kwalekwalensa, su ɗauki wani. Tsayawar ita ce amfaninsu, kuma ita ce abin da jirgi mai gudu ba ya yi.

Ga mai son ganin ƙarshen layin da aka ja da rula, ya dubi Rasha. A ƙarshen shekarun 1940 Stalin ya sa fursunoni gina layi daga Salekhard zuwa Igarka a arewacin Saiberiya. Mutane da yawa suka mutu a aikin. Da Stalin ya mutu a 1953 aka watsar, ƙasa ta murɗe ƙarafan, gadoji suka karkace. Matacciyar Hanya ake ce mata.

In babu titi babu jirgin ƙasa, yaya suke rayuwa?

Jirgin sama duk shekara, da tsada. Jirgin ruwa na kaya a 'yan watannin da ƙanƙarar teku ta buɗe, inda iyali kan yi odar gari da gwangwani da kayan gini na shekara guda. A wasu yankunan kuma hanyar ƙanƙara: idan tafkuna suka daskare sosai, sai a share dusar a yi titi a kansu, manyan motoci su bi a hankali na 'yan makonni. Hanyar da ke kai kaya ma'adinan lu'ulu'u a arewa da garin Yellowknife kusan wata biyu take aiki a shekara. Mutanen Moose Factory, da yake a tsibiri suke, da kwalekwale suke tsallakawa Moosonee da bazara, da mota a kan ƙanƙara da hunturu, a tsakanin biyun kuma, lokacin da ruwan bai daskare ba bai kuma narke ba, sai helikwafta.

Mu koma kan sunaye. Da gaske akwai garin da ake kira Wawa?

Akwai shi a arewacin Ontario, a kan babban titin da ya ratsa ƙasar, da mutum ƙasa da 3,000. Bahaushe dai ba zai so a rubuta masa shi a takardar haihuwa ba. Amma kalmar ta harshen Ojibwe ce, tana nufin dinyar daji, kuma a bakin garin akwai ƙaton gunkin dinya da aka fara kafawa a 1960 don matafiya su tsaya. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna yadda abin yake: suna ba ya zama abin dariya sai ya faɗa kunnen da ba a raɗa shi dominsa ba.

Moose Factory yakan sa mai jin Turanci ya hango masana'antar ƙera mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa. Alhali a tsohon Turancin fatake, kalmar factory tana nufin mazaunin wakilin kamfani. Kamfanin Hudson's Bay ne ya kafa wurin a 1673 don sayen fatu a bakin kogin Moose. Flin Flon a Manitoba ya samo sunansa daga Josiah Flintabbatey Flonatin, tauraron wani littafin ƙagaggen labari na 1905 da masu neman ma'adinai suka karanta a daji. Yellowknife, wato wuƙa rawaya, daga wata al'ummar 'yan asalin ƙasa ta Dene ce mai amfani da wuƙaƙen tagulla. Whitehorse, farin doki, daga kumfar wani gurbin kogin Yukon ne da ya yi kama da gezar dawaki, kuma madatsar ruwa ta riga ta shanye gurbin, sunan ya rage.

Masu taswira sukan karkato da layin kudu don kawai su kwaso wasu. Medicine Hat, hular mai magani, fassara ce daga harshen Blackfoot. Head-Smashed-In Buffalo Jump a Alberta wani gangaren dutse ne da mafarauta suke koro ɓaunaye su faɗo, kuma an ce wani saurayi ne ya tsaya a ƙasa don ya ga faɗowarsu da kyau, aka same shi kai a fashe. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1981. Saint-Louis-du-Ha! Ha! a Quebec yana da alamar motsin rai har biyu a cikin sunansa na hukuma, kuma ba dariya ake nufi ba, tsohuwar kalmar Faransanci ce ta shingen da ya tare ka ba zato. Tsibirin Newfoundland kuwa shi ne rumbun abin: Come By Chance, wato an zo bisa katari, da Heart's Content, kwanciyar rai, inda wayar tangaraho ta ƙarƙashin tekun Atlantika ta sauka a 1866, da wani garin da kunya ba za ta bar ni in rubuta sunansa a nan ba. Tsibirin ya taɓa yin jirgin fasinja mai cin kusan kwana guda kafin ya ratsa shi, mutane suka yi masa laƙabi da Harsashi. An daina shi a 1969, aka rufe layin gaba ɗaya a 1988.

Wane suna ne ya fi tsawo?

Wanda aka fi ambata shi ne tafkin Pekwachnamaykoskwaskwaypinwanik a Manitoba, haruffa 31. Harshen Cree ne, ma'anarsa wurin da ake kama wani irin kifi da ƙugiya. Allon tasha zai sha wahala.

Sunayen Inuwit fa, su ma akwai labari a bayansu?

A ganina nan ne abin ya juye. Baƙo yakan ga Tuktoyaktuk ko Kugluktuk ya ce ga suna mai ban mamaki, don kawai harshensa ya sarƙe. Amma fassara su ka gani. Iqaluit, wurin kifaye da yawa. Kugluktuk, inda ruwa ke gudu. Naujaat, inda tsuntsayen teku ke sheƙa. Kinngait, duwatsu masu tsawo. Tuktoyaktuk, mai kama da karibu, barewar arewa. Waɗannan ba ado ba ne, kwatance ne. Mafarauci da ya riƙe sunayen gaɓar teku a ka ya san inda abinci yake, inda ruwa ba ya daskarewa da kyau, inda zai fake. Sunayen su ne taswirarsu, kuma taswira ce da aka zana da ƙafa.

Sunayen da Turawa suka liƙa su ne suka fi zama baƙi a wurin. Alert, sansanin soja da binciken yanayi da ke kilomita 817 daga ƙuryar arewa ta duniya, sunan jirgin ruwan Birtaniya ne da ya yi hunturu a kusa a 1875. Resolute ma sunan jirgi ne. Gjoa Haven sunan jirgin Roald Amundsen ne, ɗan Norwe da ya yada zango a can daga 1903, su kuwa mutanen garin Uqsuqtuuq suke cewa, wato wuri mai yawan kitse, saboda dabbobin ruwa da ake samu. Grise Fiord kuma lungun aladu ne a harshen Norwe, domin Otto Sverdrup, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Norwe, ya ji gurnanin wasu dabbobin ruwa masu haure ya tuna da aladun gida. Babu alade ko ɗaya a tsibirin. Kai ka ce wane ne ya fi ban mamaki, wurin kifaye ko lungun aladu?

Ana canza sunayen?

Ana yi, sannu a hankali. Frobisher Bay ta koma Iqaluit a 1987, Eskimo Point ta koma Arviat a 1989, Coppermine ta koma Kugluktuk a 1996, Repulse Bay ta koma Naujaat a 2015, Cape Dorset ta koma Kinngait a 2020. A Alaska ma Barrow ta zama Utqiaġvik a 2016. Sai dai a yi hattara da rubutu: masu jin Turanci sun saba sa harafin u bayan q, kuma idan aka yi wa Iqaluit haka, ma'anar takan koma wata magana ta rashin tsarki da ba a faɗa a gaban surukai. Ofishin firaminista kansa ya taɓa yin wannan kuskure a wata sanarwa a 2009.

Akwai kuma masu canzawa don kasuwa, da masu ƙin canzawa don taurin kai. Garin Asbestos a Quebec, mai sunan ma'adinin da aka gano yana jawo cutar daji, ya zaɓi Val-des-Sources a 2020. Swastika a Ontario kuwa, mai suna irin na tambarin 'yan Nazi, wanda aka raɗa wa sunan tun kafin a san su, gwamnatin lardi ta so mayar da shi Winston, sunan firaministan Birtaniya Winston Churchill, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen garin suka ƙi, suka ce su suka riga Hitler.

Laifi ne a yi dariyar waɗannan taswirori?

Ba na ganin laifi, mutanen arewar ma suna yi, kuma sun fi kowa iya tsokanar kansu. Amma yana da kyau mutum ya san abin da ke ƙarƙashin ɗigon da yake wa dariya. Grise Fiord da Resolute ba haka kawai suka tsiro ba. A 1953 gwamnatin Kanada ta kwaso iyalan Inuwit daga Inukjuak a arewacin Quebec, ta kai su kusan kilomita 2,000 arewa, da alkawarin farauta mai yawa da damar komawa bayan shekara biyu. Suka tarar da duhun watanni da ƙasar da ba su san dabbobinta ba, alkawarin komawa kuma ba a cika ba. Da yawa suna ganin an kai su ne don su zama shaidar cewa tsibiran na Kanada ne. Gwamnati ta nemi gafara a 2010. Sunayen da suka ba wuraren sun faɗi sauran: Grise Fiord suka kira Aujuittuq, wurin da ba ya narkewa, Resolute kuma Qausuittuq, wurin da gari ba ya wayewa. Su ma wani ne a ofis ya dubi taswira ya ɗiga alƙalami.

To me ake ginawa a zahiri?

Abubuwa marasa ƙyalli. A Nuwamban 2017 aka buɗe titin Inuvik zuwa Tuktoyaktuk, kilomita 138 na tsakuwa, a kan kusan dala miliyan 300, karon farko da mota za ta iya kaiwa gaɓar tekun Arktik a Kanada kowane lokaci na shekara. Da hunturu aka yi yawancin aikin, kuma ba a haƙa ƙasa ba, tsakuwa aka jibga a kanta don ƙanƙarar ƙarƙashi ta ci gaba da barci. Iqaluit ta sami tashar manyan jiragen ruwa a 2023, bayan shekarun da ake sauke kaya da kwalekwalen dako ana jiran cikar teku.

Manyan mafarkai ma ba su ƙare ba, ba kuma 'yan intanet kaɗai ke yin su ba. A 2020 Shugaba Trump ya ba da izinin wani layin kaya na sama da kilomita 2,500 daga Alberta zuwa Alaska, shekara guda bayan haka kamfanin ya durƙushe ba a aza ƙarfe ko ɗaya ba. A tsibirin Baffin, kamfanin haƙar tama na Mary River ya nemi gina layin kilomita 110 zuwa gaɓar Milne. Mafarautan Inuwit suka nuna damuwa kan hanyar karibu da dabbobin ruwa da suke ci, hukumar duba muhalli ta yankin ta ba da shawarar kada a amince, gwamnatin tarayya kuma ta ƙi amincewa a Nuwamban 2022. Ko da an gina shi, tama zai ɗauka zuwa bakin teku, babu taragon fasinja a cikin shirin.